Ɓatacciyar Wuta da Manyan Wayoyin Lantarki: Yadda Za Ka Bincika Gidanka Mataki-Mataki

Akwai mutumin da barci ke gagararsa saboda manyan wayoyin wuta sun ratsa ta bayan gidansa. Yana jin ƙuginsu idan an yi ruwa, ya kuma ji ana cewa suna jawo cutar kansa, wato ciwon daji, hankalinsa duk ya koma can. Shi wannan mutumin dai, kan famfon banɗakinsa ya fi shekara yana ɗan jan sa duk sanda ya taɓa da jiƙaƙƙen hannu, har ya saba buɗe shi da tsumma. A ganina ya jera tsoronsa a juye. Abin da ke sama yana da nasa haɗarin, za mu zo kansa, amma wanda ya fi kusa da ɗaukar rai shi ne na banɗakin. Saboda haka daga nan za mu fara.

Yadda wuta ke ɓacewa hanya

Wutar lantarki ba ta zuwa ta zauna. Tana fitowa daga taransifoma ta wayar da masu gyara ke kira layif, ta yi aikinta a kwan fitila ko firji, sannan dole ta koma inda ta fito ta waya ta biyu, wato nutural. Ita nutural ana haɗa ta da ƙasa a gindin taransifoma, a wasu tsare-tsaren ma ana haɗawa a wurare da dama a kan hanya. Ana yawan cewa wuta hanya mafi sauƙi kaɗai take bi. Ba haka ba ne. Duk hanyar da ta samu tana bi, kaso mafi tsoka ne kawai ke bin mai sauƙin. To idan nutural ta yi siranta, ko ta yi tsawo, ko mahaɗinta ya yi tsatsa, ko kaya sun yi mata yawa, sai wani kaso na wutar ya koma ta ƙasa, ta bututun ruwa, ta rodin gini, ta shingen ƙarfe. Wannan ce ɓatacciyar wuta.

Iri biyu ce, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin aikin. Ta farko ƴar kaɗan ce da ke tasowa tsakanin nutural da ƙasa ko da babu abin da ya lalace sosai. Ma'aikatar gona ta Amurka, a littafin jagora da ta fitar a 1991, ta bayyana ta da cewa wuta ce da ba ta kai bolt 10 ba tsakanin wurare biyu da dabba za ta iya taɓawa a lokaci guda. Ta biyu kuwa lalacewa ce tsantsa: robar waya ta tsage, layif ta taɓa jikin injin wanki ko turken fitilar titi, sai ƙarfen ya ɗauki wuta da kan kai cikakken bolt 120 ko 230, gwargwadon ƙasar da ake.

Matsalar ita ce jikinka ba zai iya bambance su ba. Bolt kamar ƙarfin turin ruwa ne a bututu, amfiya kuma yawan ruwan da ya ratsa, kuma yawan da ya ratsa jiki shi ke kisa. Busasshiyar fata tana turje wa wuta sosai, turjiyarta kan kai om 100,000, amma idan jiki ya jiƙe tana iya faɗowa kusan om 1,000. Mutum yana fara jin ɗan tsiki a wajen miliamfiya 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Daga miliamfiya 10 zuwa 16 tsokar hannu kan ƙanƙame, ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 50 zuwa 100, idan ta ratsa ƙirji, bugun zuciya na iya birkicewa. Yanzu yi lissafi: bolt 230 a kan jiƙaƙƙen jiki mai om 1,000 zai tura miliamfiya 230. Ƙarfen da ya yi maka ɗan tsiki jiya kana sanye da takalmin roba a busasshen daɓe, shi ne zai kayar da yaron da ya taɓa shi yau ba takalmi, ƙafarsa a cikin ruwa. Wutar ba ta canza ba, mai taɓawar ne ya canza.

Mataki na farko: tattara alamu, ka daina gwadawa da hannu

Abin da aka fi gani shi ne ja ko tsiki a kan famfo, shawa, firji, injin wanki, ƙofar ƙarfe ko tankin ruwa, musamman idan akwai ƴar yanka a yatsa. Dabbobi kan riga mutane sani, domin ba su da takalmi: kare ya ƙi bi ta wani wuri a tsakar gida, ko ya riƙa gudun kwanon ruwansa.

Akwai alama ɗaya da ba a kwana da ita. Idan ka ga wasu fitilu sun yi haske fiye da kima wasu kuma sun dusashe, ko hasken yana sauyawa duk sanda firji ko injin ruwa ya tashi, ko kayan wuta biyu uku sun ƙone a rana ɗaya, to mai yiwuwa nutural ce ta sake ko ta tsinke. A wannan hali wutar da ke shiga wasu ɗakunan kan haura nesa da ƙa'ida, a wasu tsare-tsaren kuma duk ƙarfen da aka haɗa da atin, wato wayar ƙasa, yana iya ɗaukar wuta. Kashe babban makunni idan kana iya kai wa gare shi a bushe, ka hana kowa taɓa famfo da ƙarfe, ka kira kamfanin wuta nan take.

Ka samu takarda ka riƙa rubutawa: wane ƙarfe, ƙarfe nawa na rana, ana ruwa ko a bushe, me ke kunne a lokacin. Ɓatacciyar wuta tana da halin ɓuya idan mai gyara ya iso. Wadda ke zuwa da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa, ta fi kama da matsalar layi. Wadda ke zuwa sai an kunna hita ta tona asirin kanta. Ka tambayi maƙwabtan da kuke kan taransifoma ɗaya, domin lalataccen injin ruwa a gidan wani yana iya bayyana a famfonka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mataki na biyu: daga ciki take ko daga waje?

Wannan gwaji na mai gyaran wuta ne da ya san aikinsa, amma ya kamata ka fahimce shi don ka gane ko an yi maka aiki ko an yi maka wasa. Zai kafa sandar ƙarfe a ƙasa nesa da ginin, inda ba bututu ba waya, ya ja waya daga nan zuwa mitar awonsa, ɗayan bakin mitar kuma ya ɗora a kan ƙarfen da ake zargi. Ya rubuta abin da ya gani. Sannan a kashe babban makunnin gidan gaba ɗaya.

Idan wutar ta ɓace, ɓarawon na cikin gida ne. Sai a mayar da babban makunni, a riƙa kunna ƙananan bireka ɗaya bayan ɗaya har a ga wadda ta dawo da ita. A kan wannan layin kuma a riƙa zare kaya daga soket har a kama mai laifin. Waɗanda aka fi kamawa su ne hitar ruwa da ƙarfen ɗuminta ya tsage, injin ruwa na cikin rijiya, tsohon firji, wayar da aka binne ba tare da bututu ba, da wurin da wani ya haɗa nutural da atin a soket don sauƙin aiki.

Idan kuwa an kashe komai wutar tana nan, daga waje take shigowa: nutural ɗin kamfani, taransifoma, ko gidan maƙwabci. Wannan ba naka ba ne ka gyara, ba kuma na mai gyaranka ba ne ya hau turke. Kai ƙorafi a rubuce, da kwanan wata da adadin da aka auna, ka ajiye kwafi. Mai janareta ko sola ya tuna cewa kashe layin kamfani bai kashe gidan ba, sai an kashe su ma kafin gwajin ya yi ma'ana.

Wani abu kan ruɗi mutane a nan. Mitar awo ta zamani ba ta jan wuta kusan ko kaɗan, turjiyarta kan kai om miliyan 10, don haka tana iya nuna bolt 40 ko 60 a kan wayar da kawai ta kwanta kusa da mai wuta, alhali babu ƙarfi a bayanta. Ƴar testa mai kama da sukudireba ma haka take, tana haske a kan abin da bai kai ya kawo ba, wani lokaci kuma ta ƙi haske a inda haɗari yake. Mai gyara na gari yakan sake awon da ɗan rasista, wato ƙaramin abu mai turje wa wuta, a tsakanin bakunan mitar. Idan adadin ya faɗi ƙasa warwas, inuwa ce. Idan ya tsaya, wuta ce ta gaske.

Mataki na uku: gyara, ba rufa-rufa ba

Gyara na farko shi ne cire tushen: a sauya abin da ya lalace, a ɗaure mahaɗin da ya sake, a raba kaya daidai a kan layuka idan gidan mai layi uku ne.

Na biyu, a duba atin. Sandar da aka kafa shekara ashirin da suka wuce wataƙila tsatsa ta cinye ta, ko mai gini ya datse wayarta bai sani ba. Sai dai kada a ɗauka sanda ita kaɗai ta wadatar. Sau da yawa ƙasa ba ta barin wuta mai yawan da za ta sa bireka ta faɗi ta wuce, sai ƙarfe ya ci gaba da riƙe wuta, bireka na tsaye abinta.

Shi ya sa na uku ya fi kowanne muhimmanci a wurina: na'urar RCD, wadda a Amurka ake da irinta da sunan GFCI. Aikinta shi ne kwatanta wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural. Da zarar ta ga giɓi, wato wani kaso ya bi ta wani wuri, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Wadda ake sa wa don kare rai mai miliamfiya 30 ce, ta Amurka kuma tana faɗuwa a wajen miliamfiya 5. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga zafi, ba mutum ba. Mai amfiya 20 ba ta san ana kashe wani da miliamfiya 100 ba. RCD tana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi lokaci-lokaci yadda masu ƙera ta suka rubuta. Idan tana yawan faɗuwa, gaskiya take faɗa maka. Mai gyaran da ya ce a cire ta don a huta, shi ya kamata a sallama.

Na huɗu, a ɗaure dukkan ƙarafan da mutum kan iya taɓawa tare, bututu da tanki da jikin hita, da waya ɗaya zuwa atin, don kada a samu bambancin wuta tsakaninsu. Wannan ya fi zama dole a banɗaki da wurin ninƙaya. A cikin ruwa, wutar da ba ta kai ta kashe ba tana iya sandarar da gaɓɓai mutum ya nitse. Wanda ya ji tsiki yana cikin ruwa ya juya ya koma ta inda ya fito, kada ya kama tsanin ƙarfe, kuma kada kowa ya faɗa don ceto kafin a kashe wuta.

Abu guda da ba a yi: cire wayar atin daga jikin kaya don a daina jin ja. Kamar cire batirin ƙararrawa ne don gobara ta yi shiru.

Masu janareta kuma, kada a taɓa soka wayarsa a soket don ya ba gida wuta. Taransifoma tana aiki ta kowane ɓangare, bolt 230 ɗinka zai iya komawa layi ya zama dubbai a hannun ma'aikacin da ke kan turke yana zaton an ɗauke wuta. A sa makunnin sauya layi da ke raba gida da layin kamfani gaba ɗaya.

Idan kana da dabbobi

A wurin masu kiwon shanun madara aka fi nazarin wannan matsala, musamman a jihohin Amurka irin su Wisconsin. Saniya na tsaye da ƙafa huɗu a jiƙaƙƙen siminti, bakinta a cikin kwamin ƙarfe, don haka abin da mai ita ba ya ji cikin takalmin roba ita tana ji. A awo ana ɗaukar turjiyar jikinta om 500, shi ya sa ake sa rasista mai om 500 a mita, a auna tsakanin inda bakinta ke taɓawa da inda kofatonta ke takawa. Hukumar kula da kamfanonin wuta ta Wisconsin ta sa miliamfiya 2, daidai da bolt 1 a wannan awon, a matsayin inda za a fara ɗaukar mataki.

Alamun su ne saniya ta riƙa lasar ruwa maimakon ta kafa kai ta sha, ta ƙi shiga wurin tatsa, ta yi ta harbi, nono ya ƙi sauka duka. Amma ciwon hantsa, ciwon kofato da injin tatsa mara kyau duk suna kawo irin wannan, don haka awo ne ke raba gardama, kuma a bar mita mai ajiye bayani ta kwana ta wuni a wurin. Maganin da aka fi yi shi ne shimfiɗa ragar ƙarfe cikin simintin a haɗa ta da kwami da shinge, ta yadda baki da kofato za su zama a kan wuta ɗaya.

Tazarar ƙafafu ma tana da nata sharrin. Ranar 12 ga Fabrairun 2011, a filin sukuwa na Newbury a Ingila, dawaki biyu sun faɗi matattu a wurin zagayawa kafin tsere, saboda wata wayar ƙarƙashin ƙasa da ke yoyon wuta. Mutanen da ke riƙe da su sun tsira. A birane ma ana samu: a Janairun 2004 wata mata ta rasu a New York tana yawo da karnukanta, bayan ta taka murfin akwatin wuta a titi, abin da ya sa hukumar kula da kamfanonin wuta ta jihar ta wajabta wa kamfanoni gwajin irin waɗannan wurare kowace shekara. Idan dabbarka ta zabura ba dalili kusa da turken fitila, ja ta baya ta inda kuka fito, kada ka kai hannu ka duba.

Mataki na huɗu: wayoyin da ke sama

Yawancin wayoyin sama tsirara suke. Tsuntsu na zama a kai lafiya ne don waya ɗaya ya taɓa kuma bai taɓa ƙasa ba. Kai kuwa kana ƙasa, duk abin da ke hannunka ya zama hanya. Babbar wuta ma ba ta jiran a taɓa ta, tana tsallako iska idan an matso.

Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta sa tazarar da ba ta gaza mita 3 ba daga layin da bai wuce bolt dubu 50 ba. Ga injinan ɗaga kaya tazarar tana ƙaruwa: kusan mita 4.6 har zuwa bolt dubu 200, mita 6 har zuwa dubu 350, mita 7.6 har zuwa dubu 500. Kowace ƙasa da nata ƙa'idar, da kuma faɗin filin da ta hana gini a ƙarƙashin layi. Kafin ka sayi fili ko ka ɗora bene, tambayi kamfanin ƙarfin layin da faɗin da doka ta ware. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kan tsayin waya ido maƙaryaci ne. Waya tana saukowa idan rana ta yi zafi ko kaya sun yi mata yawa, iska kuma tana kaɗa ta gefe.

Dubi abin da ke kashe mutane a zahiri: tsanin ƙarfe, rodin da magini ya ɗaga a kan bene, sandar eriya, bututun ban ruwa da aka tsayar don a zazzage, tifa da ta ɗaga baya, reshen da ake sara. Ɗauki dogon abu a kwance, mutum biyu. Kada a tara ƙasa ko kaya a ƙarƙashin layi, domin tudun yana rage tazara. Kada a ƙona shara ko ciyawa a wurin, hayaƙi da zafi suna sauƙaƙa wa wuta tsallakowa. Bishiyar da ta kai waya a bar wa kamfani. Kafin haƙa rami kuma a tambaya ko akwai waya a binne.

Wani lokaci mutum kan ji tsiki idan ya taɓa mota ko dogon shingen waya da ke ƙarƙashin babban layi, alhali ba abin da ya taɓa layin. Ƙarfen ne ya tsotsi wuta ta iska. A kan mota yawanci ba ya wuce ɗan tsikin, amma shingen da ya bi gefen layi mai nisa yana iya tara wadda ta fi haka. Ana haɗa shi da ƙasa a wurare da yawa, a kuma yanka shi gida-gida da abin da ba ya ɗaukar wuta. Kada a zuba mai a mota ko inji a ƙarƙashin layi. Ƙugin da ake ji lokacin damshi kuwa iskar da ke manne da wayar ce ke ɗan tartsatsi, ba alamar lalacewa ba ce.

Idan waya ta faɗo

Ɗauka tana da wuta, ko ba ta motsi ba ta tartsatsi. Layuka da yawa suna da na'urar da ke sake mayar da wuta da kanta bayan ƴan daƙiƙoƙi. Tsaya aƙalla mita 10 nesa, fiye da haka idan ƙasa a jiƙe take ko layin babba ne, ka kuma tsare wasu.

Dalilin tazarar shi ne wuta tana bazuwa a ƙasa kamar zoben da dutse ke yi a ruwa, da ƙarfi a tsakiya tana raguwa zuwa waje. Idan ka buɗe ƙafa, ɗaya na kan zobe mai ƙarfi ɗaya na kan mai rauni, sai wutar ta hau ta wannan ta sauka ta waccan. Abin da ya kashe dawakin nan ke nan. In ta rutsa da kai kusa, haɗe ƙafafunka ka riƙa jan su a ƙasa kaɗan-kaɗan ba tare da sun rabu ba, har ka fita.

Idan a kan motarka ta faɗo, zauna a ciki, ka hana masu zuwa taimako matsowa. Sai in wuta ta kama motar za ka fita, shi ma da tsalle, ƙafafu a haɗe, ba ka taɓa mota da ƙasa a lokaci ɗaya ba, sannan ka ja ƙafa.

Wanda wuta ta kama, kada ka kai masa hannu. A cikin gida kashe makunni ko zare filogi. In ba hali, tsaya a busasshen wuri ka ture shi da busasshen katako. Wannan dabara ta wutar gida ce kawai, a kan babban layi katako ma hanya ne, sai a jira kamfani ya tabbatar ya yanke. Bayan an raba shi, idan ba ya numfashi daidai, a kira agajin gaggawa a fara danna tsakiyar ƙirji, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. Wanda ya suma, ko ya ƙone, ko yake jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya, da mai ciki, da duk wanda babban layi ya taɓa, asibiti za a kai shi ko ya ce ya warke. Ƙunar wuta ƙarama ce a fata, ɓarnar tana ciki.

Maganar cutar kansa

Yanzu mu koma ga abin da ya hana mutumin nan barci. Waya mai wuta tana da tasiri iri biyu a kewayenta. Na lantarki, bango da bishiya suna tare mafi yawansa. Na maganaɗisu yana ratsa bango, ƙarfinsa ya dogara da yawan wutar da ke gudu a wayar, kuma yana raguwa da sauri idan aka matsa. Ana auna shi da maikrotesla. Duka biyun ba irin hasken hoton ƙashi ba ne, ba su da ƙarfin tsinka ƙwayoyin halitta.

Zancen ya samo asali a 1979, lokacin da Nancy Wertheimer da Ed Leeper suka wallafa bincike a kan yaran birnin Denver, suka ga kamar kansa ta fi yawa a gidajen da ke kusa da wayoyi masu ɗaukar wuta da yawa. A 2000 aka haɗa sakamakon bincike da dama, aka ga yaran da matsakaicin maganaɗisun gidansu ya kai maikrotesla 0.4 suna da kusan ninki biyu na haɗarin kansar jini. Gidaje ƙalilan ne ke kai wannan adadi, cutar ita ma ba mai yawa ba ce. A 2002 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan maganaɗisu a rukunin 2B, wato mai yiwuwa ne yana jawo kansa, rukunin da ake sa abin da hujjarsa ke da rauni. A 2007 hukumar ta sake duba komai ta ce hujjar ba ta kai a ce shi ne sanadi ba. Gwaji a kan dabbobi bai tabbatar ba, ba a kuma gano hanyar da zai bi ya yi ɓarnar ba. A kan manya, hujjar ta fi haka rauni.

Wani bincike na Jami'ar Oxford a 2005 ya ƙara ɗaure kai: ya ga ƙarin haɗari ga yaran da aka haifa cikin mita 200 daga manyan layuka, har da ɗan ƙari zuwa mita 600, nisan da maganaɗisun layin ya riga ya ɓace. Da aka faɗaɗa binciken a 2014, sai aka ga ƙarin ya yi ta raguwa daga shekarun 1960 har ya gushe a shekarun baya, alhali layukan suna nan. Ni dai abin da na ɗauka daga nan shi ne, tambayar ba a rufe ta ba, amma ba ta kai mutum ya sayar da gida a asara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawarar da ta bayar ita ce a ɗauki matakan da ba su da tsada.

Ga ma'auni don kwatance. Hukumar ICNIRP, ta ƙasa da ƙasa mai tsara iyakokin kariya daga irin wannan maganaɗisu, a 2010 ta sa iyakar jama'a a maikrotesla 200 ga wuta mai zagaye 50 a daƙiƙa, iyakar da aka gina kan tasirin nan take ga jijiyoyi. Daidai ƙarƙashin babban layi abin kan kai wajen 20 idan ya yi yawa. Tsakanin mita 50 zuwa 100 yawanci ya koma kamar na kowane gida, inda matsakaicin ke wajen 0.1 ko ƙasa. Injin busar da gashi a jikin kai ya kan fi layin nesa ba kusa ba, sai dai na ƴan mintuna ne. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ya tambayi likitansa kafin ya yi aiki a tashar wuta ko ƙarƙashin babban layi.

Idan kana son sanin naka, nemi mitar auna maganaɗisu, wasu kamfanonin wuta ma sukan zo su auna idan an nema. Wasu mitocin da miligaus suke nunawa, 10 ɗinsu shi ne maikrotesla 1. Auna a tsayin ƙugu, a inda ake daɗewa, musamman gadon yara, da safe da kuma dare, domin adadin yana bin yawan wutar da ake sha. Ka auna wuta na kunne, ka kashe babban makunni ka sake. Sau tari za ka tarar wuri mafi yawa ba ɓangaren layin ba ne, bangon da mita ko akwatin bireka ke bayansa ne, matsar da gado mita ɗaya ko biyu ya wadatar.

Idan kuma mitar ta nuna adadi mai yawa a tsakiyar ɗaki, nesa da kowane kaya, kana bi kana ganin yana bin hanyar bututun ruwa, to ba babbar wayar sama ba ce. Wuta ce ke komawa ta bututu maimakon nutural. Kira mai gyara ya fara daga famfon banɗaki.